Yadda zaka canza shokazoban baya na a-kori-kura da kanka a gida

Canza shokazoban baya yana cikin ayyukan da mutum zai iya yi da hannunsa ko da bai taɓa zaman gareji ba, saboda a yawancin a-kori-kura, Hilux ce ko Ranger ko D-Max ko L200, shokazoba daban yake sifirin daban, wuri biyu kawai aka ɗaure shi, sama a jikin shasi ƙasa kuma a jikin aksul, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya. Ba irin na gaba bane da ake zura shi cikin sifirin mai naɗi, wanda sai an nemo abin matse sifirin kuma in ya kuɓuce yana iya yiwa mutum mummunar illa. Na baya ka kwance noti biyu ka zare tsoho ka saka sabo, shikenan. Amma fa wannan sauƙin shi yake sa mutane sakaci, kuma wuri biyu ake yin ɓarnar: yadda aka tallafe motar kafin a shiga ƙarƙashinta, da kuma lokacin da aka ɗaure notin ƙarshe. Nan zan fi daɗewa, sauran zamu wuce da sauri.

Kafin komai ka tabbatar shokazoban ne ya mutu. Shokazoba baya ɗaukar nauyin mota, sifirin ne yake ɗauka, shi aikinsa kawai ya kashe tsallen da sifirin yake yi bayan an faɗa rami, a cikinsa mai ne da fistin mai ƙananan ƙofofi, man yana matsewa ta cikin ƙofofin shi yasa motsin yake lafawa. To in kaga bayan motarka ya zauna ko ta karkata gefe guda ba tare da kaya ba, wannan ba laifin shokazoba bane, sifirin ne ya gaji ko wani falle daga cikin ƙarafansa ya karye, ko ka sa sabon shokazoba motar bazata tashi ba. Alamun shokazoba su ne: bayan mota yana ta lilo bayan ka wuce rami, ko yana zillewa gefe a hanya mai gargada musamman in babu kaya a baya, ko kaga tayar baya tana ci rami rami ba daidai ba, ko kana jin ƙwanƙwasa daga baya. Ka leƙa da tocila, in kaga mai ya zubo ya jiƙe jikinsa ƙura ta manne har ƙasa to ya gama aiki, amma ɗan danshi kaɗan a saman kusa da sandar da take shiga tana fita ba lallai matsala bace. Gwajin da ake yi na danna bayan mota a saki a ga ko zata yi lilo fiye da sau ɗaya yana aiki, sai dai a a-kori-kura sifirin yana da tauri sosai, da ƙyar zaka iya danna ta, don haka kar ka dogara da shi kaɗai. Kamfanonin da suke ƙera shokazoba irin su Monroe suna cewa daga kilomita 80,000 a fara tunanin canzawa, amma motar da take ɗaukar kaya kullum a mummunar hanya ba zata kai nan ba.

Wani lokacin ƙwanƙwasar ma daga bushin take, wato robar nan da take cikin idon shokazoba, zoben nan na ƙarshensa da kusa take shiga, ta cinye ta bar ƙarfe yana dukan ƙarfe, in shokazoban kansa da ƙarfinsa bai zubar da mai ba ana iya canza robar kaɗai.

Wajen saye, biyu zaka saya, dama da hagu. Kar ka canza ɗaya ka bar ɗaya, motar zata dinga lafawa a gefe guda tana lilo a ɗayan, kuma a birki na gaggawa ko kwana nan zaka gane illarsa. Ka tafi da lambar shasi, wadda take da haruffa da lambobi 17, da shekarar motar, ka kuma san ko mai jan ƙafa huɗu ce ko mai ƙafa biyu domin tsayinsu yakan bambanta. In an ƙara wa motar tsayi da ƙarin sifirin ko wani abu to shokazoban asali zai yi mata gajarta, sai ka nemi wanda aka yi don wannan tsayin. A wasu motocin na dama da na hagu lambarsu ba ɗaya bace, saboda an ɗaura ɗaya a gaban aksul ɗaya a bayansa don a rage tsallen aksul lokacin tashi, to ka duba kwalin da kyau. Iri biyu ne suka fi yawa, mai bututu biyu wanda shine yawanci yake zuwa da mota kuma yafi laushi, da mai bututu ɗaya irin wanda aka san Bilstein da shi, shi yana da iskar naitirojin mai ƙarfi sosai a ciki, yafi jure zafi in ana doguwar tafiya a gargada amma yafi tauri. Ni a ganina wanda motarsa ta zirga zirgar yau da kullum ce, mai bututu biyu na kamfani mai suna irin KYB ko Monroe ya ishe shi, mai ɗaukar kaya masu nauyi ko jan tirela shi ya kamata ya duba ɗaya nau'in.

Kayan aiki ba su da yawa. Jak mai kyau, da ƙafafun ƙarfen nan da ake ɗora mota a kansu guda biyu, a ƙalla masu tan 3, kuma ka sani yawanci wannan lissafin na su biyun ne a haɗe ba kowanne ɗaya ba. Weji na tare taya. Soket da sifana, motocin Japan sun fi amfani da 14 da 17 da 19, na Amurka kuma zaka fi cin karo da 15 da 18 da 21. Dogon hannun soket na karya noti mai taurin kai, guduma, burushin waya, man fesawa mai cin tsatsa irin WD-40 ko makamancinsa, tocila, gilashin kare ido domin ƙasa da tsatsa zasu dinga zubo maka a fuska. Sai sifana mai auna ƙarfin ɗauri, wadda take yin ƙara "ƙas" in an kai adadin da aka saita, in baka da ita ka aro, tana da amfani a wannan aikin sosai. Littafin gyaran motar ma ka neme shi ko a intanet ne, a ciki zaka samu adadin ɗaurin kowane noti da wuraren da aka yarda a sa jak.

Tun daren da zaka wayi gari ka yi aikin ko aƙalla awa ɗaya kafin ka fara, ka goge zaren notinan nan huɗu da burushin waya ka feshe su da man cin tsatsa, ka sake fesawa in zaka fara. Wannan ɗan abin shi yake raba aikin awa ɗaya da aikin yini guda. Ka sauke duk kayan da suke bayan motar, ka bar salansa ta huce domin shokazoba ɗaya yakan kasance dab da ita, ka kuma sauke safaya daga ƙarƙashi, zaka ga wuri ya buɗe maka sosai har ka iya zama maimakon kwanciya.

Yanzu maganar tallafe mota, dan Allah a nan ka natsu. Ka ajiye ta a wuri shimfiɗaɗɗe mai tauri, siminti yafi, banda yashi banda gangara. Ka sa weji gaba da baya na tayoyin gaba duka biyu. Dalili kuwa shine birkin hannu tayoyin baya yake kamawa, giya ma a motar da take ja da baya tayoyin baya take riƙewa, to da zarar ka ɗaga bayan motar sama babu abinda yake riƙe da ita kuma, birkin hannun da ka ja da giyar da ka saka duk sun tashi aiki, wejin nan ne kaɗai ya hana ta gangarawa. Mutane da yawa basu taɓa tunanin wannan ba. Sannan kar ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita, jak na ɗagawa ne ba na riƙewa ba, mai aiki da mai yana iya saki a hankali ko lokaci guda in robar cikinsa ta fashe, wanda yake zuwa da mota kuma ƙafarsa ƙarama ce ƙaramin girgiza zai kayar da shi, kai kuma aikin naka gaba ɗaya girgiza ne da jan noti da ƙarfi. Bulo ma ba abin ɗora mota bane, yana rugujewa ba tare da wata alama ba.

Hanya uku ce. Ta farko kuma mafi kwanciyar hankali, kar ka ɗaga motar kwata kwata. Yawancin a-kori-kura suna da tsayin da mutum zai shimfiɗa kwali ya shiga ya kai hannu ga noti na sama da na ƙasa tayoyi suna ƙasa, in taka haka take to ka huta, ka ja birkin hannu ka sa weji ka fara aiki. Ta biyu, in wuri ya matse ko sai an cire taya kafin a kai ga notin sama, ka sassauta notin taya kaɗan tun tana ƙasa, ka ɗaga, ka sa ƙafafun ƙarfen a ƙarƙashin bututun aksul kusa da inda sifirin ya zauna, ɗaya dama ɗaya hagu, ka sauke motar a kansu. Wannan ita nafi so in dole sai an ɗaga, saboda nauyin motar yana nan kan sifirin kamar tana tsaye a ƙasa, kuma zaka ga amfanin haka in mun zo ɗauri. Ta uku ita ce a sa ƙafafun a ƙarƙashin shasi a bar aksul yana reto, tana bada wuri sosai amma dole ka bar jak a ƙarƙashin aksul yana tallafe da shi. Wajen ɗagawa wasu suna sa jak a ƙarƙashin tulun dif, wato kumburin nan da yake tsakiyar aksul, su ɗaga bayan gaba ɗaya, wasu kamfanonin sun yarda da haka wasu sun hana, ka duba littafinka, kuma ko an yarda kar bakin jak ya taɓa murfin dif ɗin, zai lanƙwasa ya fara yoyon mai. Bayan ka sauke ta kan ƙafafun ka kama motar ka girgiza da ƙarfi tun kana waje, in zata faɗi gara ta faɗi yanzu. Tayar da ka cire ka tura ta ƙarƙashin shasi a kwance, ƙarin kariya ce kyauta.

Akwai abin lura ga masu motar da bayanta sifirin mai naɗi ne ba mai falle falle ba, kamar Ram 1500 daga 2009 zuwa sama da wasu Navara D23. A irin waɗannan shokazoba ne yake tsayar da aksul kar ya sauka ya wuce iyaka, in ka bi hanya ta uku ka cire shi ba tare da jak a ƙarƙashin aksul ba, aksul zai faɗo, sifirin yana iya fita daga mazauninsa, kuma nauyin ya koma kan tiyon birki da wayar ABS, na'urar da take hana taya kullewa in an taka birki, su tsinke. Ko a mai sifirin falle falle ma ka sa ido kan tiyon birkin nan da yake saukowa daga shasi zuwa aksul, kar ka bari ya miƙe ya ɗaure. Wadda kuma shokazobanta na baya yake cikin sifirin kamar Ranger Raptor, ko mai aiki da iska ko lantarki, wannan bayanin ba nata bane.

Kafin ka taɓa sifana ka ɗauki hoto da wayarka, sama da ƙasa, kowane gefe. Ta ina kan kusar ya shiga, ina wosha take, roba nawa ce kuma wacce ke sama wacce ke ƙasa. Kuma gefe ɗaya zaka gama kafin ka taɓa ɗayan, in ka rikice sai ka leƙa wanda baka taɓa ba.

Ka fara da notin sama ka karya shi kawai ya motsa, kar ka cire, sannan ka dawo ƙasa. Dalilin shine na saman ne yafi wahalar kaiwa, kuma yafi sauƙin karyawa lokacin da shokazoban yake ɗaure baya juyawa. A ƙasa ka riƙe kan kusar da sifana ɗaya ka kwance notin da soket, ka zauna yadda in sifana ta kuɓuce hannunka bazai daki ƙarfe ba, kuma ka dinga jawowa wajenka maimakon turawa. In notin ya fita kusar ta ƙi zaruwa, yawanci nauyi ne ya danne ta, ka ɗan ɗaga aksul ko ka ɗan sauke da jak har kaji ta saki. In zaka buga ta da guduma ka mayar da notin bakin zaren tukuna ka buga kan notin, in ba haka ba bakin kusar zai baje noti bazai sake shiga ba. A wasu motocin kamar Hilux da yawa ba kusa ake zurawa ba, wani ƙarfe ne mai zare a manne da jikin motar, idon shokazoba yana shiga kansa da roba biyu, to shi in ka cire noti da wosha sai ka sa dogon ƙarfe ka ɓanɓaro idon waje. In tsohon yana da sauran iska zai miƙe da kansa da zarar ka sake shi, ka kawar da yatsunka da fuskarka daga hanyarsa.

Sai ka koma sama ka ƙarasa. In saman ido ne kamar ƙasa to aiki ɗaya ne. In kuma sanda ce mai zare da ta ratsa ta cikin rami aka ɗaure da noti a samanta, zaka ga kana juya noti sandar tana binsa, to a ƙarshen sandar akwai ɗan wuri mai fuska biyu da ƙaramar sifana take kamawa, ko ramin alanki, ka riƙe nan ka juya notin. Tunda tsoho ne yarwa zaka yi, babu laifi ka damƙe jikinsa ko sandarsa da filaya mai kullewa.

Tsatsa ita ce take ɓata wa mutum rai a wannan aikin. Wani lokacin kusar ƙasa tana haɗewa da ƙaramin bututun ƙarfen da yake cikin roba, ka juya ta kaga tana juyawa da robar gaba ɗaya tana dawowa, ka buga ta ƙi fita. Ka ƙara fesa mai ka ba shi lokaci, ka dinga juyawa gaba da baya kaɗan kaɗan, in duk ta ƙi sai ka sa zarto ka yanke kusar a tsakanin idon shokazoba da kunnen da yake riƙe da shi, gefe biyu, ka kiyaye kar ka ci kunnen. Sabuwar kusar da zaka saka dole ta zama mai ƙarfi ɗaya da tsohuwar, ka duba kanta zaka ga an rubuta 8.8 ko 10.9, in 10.9 ka cire kar ka mayar da 8.8, balle wadda ba rubutu. Abinda bazan taɓa ba ka shawara ba shine wuta. Na san akwai masu gasa noti don ya saki, amma a nan tankin mai yana kusa, tiyon birki yana kusa, shi kansa shokazoban mai ne da iska a matse a cikinsa, zafi yana iya sa shi ya fashe.

Tsoho ya fito, ka ajiye shi gefen sabo a ƙasa ka gwada su. Tsayinsu in an miƙe, tsayinsu in an danne, faɗin ido, girman ramin da kusa take shiga. In sun bambanta sosai ka tsaya nan kar ka tilasta, wanda yayi gajarta zai dinga fizgar kunnensa duk sanda taya ta faɗa rami, wanda yayi tsawo kuma zai dinga dukan ƙarshensa in an ɗora kaya har ya lalace ko ya karya mazauninsa. Ka goge mazaunin sama da na ƙasa da burushi, ka duba ko akwai tsagewa a walda ko ramin kusa ya faɗaɗa ya zama kamar ƙwai, in akwai sai an gyara wannan tukuna in ba haka ba ƙarar da kake gudu tana nan.

In sabon mai bututu biyu ne, yana da kyau ka tsayar da shi a miƙe yadda zai zauna a mota, ka danna shi ƙasa ka bari ya dawo ko ka jawo shi, sau 3 zuwa 5, saboda ya daɗe a kwance a kwali iska ta shiga inda mai ya kamata ya zauna. Zaka ji da farko akwai wurin da yake tafiya fayau ba tauri, daga baya ya daidaita, daga nan kar ka sake kwantar da shi, ka jingine shi a tsaye. Shi wannan nau'in sama da ƙasansa ba'a juyawa, murfin ƙura yana sama, jikin mai nauyi yana ƙasa, in ka kifa shi bazai yi aiki daidai ba. Mai bututu ɗaya yana iya aiki ta kowace fuska amma ka bi takardar da ta zo da shi. Wasu kuma suna zuwa a danne an ɗaure su da igiyar roba ko waya, irin wannan kar ka yi saurin yanke igiyar, tana da amfani yanzun nan.

Wajen sakawa sama ake fara ratayewa. Ka jera roba da wosha yadda hotonka ko takardar ta nuna, ka zura kusa ta fuskar da ta fito, ka sa noti da hannu ya kama zare sosai amma kar ka ɗaure. In roba ta ƙi shiga ka shafa mata ruwan sabulu, banda giris banda baƙin mai, suna cin roba. Jikin kusar inda babu zare zaka iya shafa masa ɗan man hana tsatsa don wanda zai kwance nan gaba ya samu sauƙi, amma kar ya taɓa zaren domin yana canza lissafin ɗauri. Sannan ka saita ƙasan shokazoban ya fuskanci mazauninsa, ka yanke igiyar, zai fara miƙewa a hankali, kai kuma kusa tana hannunka, yana isowa daidai ramin ka zura. In ya wuce ka ba komai, sai ka danna shi sama da hannu, mai iska da yawa yana da ƙarfi sosai don haka ka sa ƙaramin jak ko dogon ƙarfe a ƙarƙashin idon ka tura shi, ko in aksul yana reto ka ɗaga ko ka sauke shi har ramukan su haɗu. Sukudireba mai kauri tana taimakawa wajen daidaita rami, yatsa kuwa kar ka kuskura ka zura shi ciki. Sandar sabon shokazoba mai sheƙin nan kar filaya ta taɓa ta ko kaɗan, ƙaramin ƙarzanewa zai dinga yanka robar da take tare mai duk shiga da fita, cikin ɗan lokaci ya fara yoyo. Injin ɗaure noti mai bugawa shima kar ka sa shi a kan notin sanda, yana juya sandar da gudu ya lalata cikin.

To ga wurin da nace yafi muhimmanci bayan tallafe mota. Ba'a ɗaure notin ido ɗaurin ƙarshe sai nauyin motar yana kan sifirin, wato tana tsayin da take tafiya a kai. Robar da take cikin idon ba juyawa take yi a kan kusa ba, in an ɗaure bututun cikinta yana kafewa, robar ce take ɗan murɗawa gaba da baya yayin da aksul yake hawa da sauka. In ka ɗaure ta aksul yana reto a ƙasa sannan ka sauke mota, robar zata zauna a murɗe dindindin kamar tsumman da aka matse aka ƙi saki, ko motar tana ajiye tana shan wahala, ba'a daɗewa zata tsage, sai kaji ƙara ta dawo kace an sayar maka da jabu alhali ɗaurin ne. In ka bi hanya ta farko ko ta biyu ba ruwanka, nauyi yana kan sifirin tun farko, ka ɗaure a nan. In ta uku ka bi, ko dai ka mayar da taya ka sauke motar ka ɗan girgiza ta ta zauna sannan ka shiga ka ɗaure, ko ka mayar da ƙafafun ƙarfen ƙarƙashin aksul.

Adadin ɗaurin ka ɗauko daga littafin motarka, domin ya bambanta daga mota zuwa mota, har na sama da na ƙasa a mota ɗaya sukan bambanta sosai. Ka lura da ma'aunin da aka rubuta, littafin Amurka yakan ba da lb-ft sifanarka kuma ƙila Nm ce, 100 lb-ft daidai yake da kusan 136 Nm, in ka haɗa su ɗaya zaka bar noti a sake. Notin da yake da farar roba a bakinsa na kulle kansa ne, in sabo yazo a kwali ka yi amfani da sabon. Shi kuma nau'in sanda mai roba sama da ƙasa ba'a ɗaure shi iya ƙarfi, in takarda bata faɗi adadi ba ka ɗaure har kaga robar ta kumbura ta kai faɗin woshar da take danne ta, ka tsaya nan, in akwai noti na biyu ka ɗora shi ka kulle. In ka matse har robar ta fito ta baje waje ka kashe ta tun kafin mota ta motsa.

Ka maimaita duk wannan a ɗaya gefen, zaka ga ya fi sauri tunda hannunka ya gane hanya. In ka gama ka haska tocila ka bi ko'ina: shokazoba baya gogar salansa, baya taɓa wayar birkin hannu ko tiyon birki, wayar ABS tana cikin maƙalanta, babu sifanar da ka manta a kan shasi. Ka mayar da safaya. Tayoyin da ka cire ka sa notinsu da hannu tukuna, ka sauke mota, ka ɗaure su a gicciye, wannan sannan na ɗaya ɓangaren, da adadin da littafi ya faɗa. Canza shokazoban baya a mota mai aksul guda baya taɓa saitin tayoyi, don haka ba sai kaje alaimen ba.

Gwajin farko ka tafi a hankali, gilashi a sauke rediyo a kashe, ka taka birki tun kafin ka fita titi kaji yana nan, ka bi ta kan ƴan ramuka kana saurare. Zaka ji bayan ya ɗan yi tauri fiye da yadda ka saba, wannan daidai ne, ka daɗe da mataccen ne. In kaji ƙwanƙwasa to kusan kullum noti ne bai ɗauru ba ko an juya wosha ko an manta roba ɗaya, ka koma ka duba da hoton da ka ɗauka. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ka sake bin notin taya da na shokazoba da sifanar aunawa domin sabuwar roba takan ɗan zauna. Tsofaffin kuma kar a jefa su wuta kar a bar yara su yi wasa da su ko su huda, akwai sauran mai da iska a matse a ciki, ka haɗa su ka kai wa masu karɓar tsohon ƙarfe ka faɗa musu masu iska ne.